Shekarar da Na Ɗauko Hajara daga Wankan Gida

Ranar sadakar bakwai ta mahaifiyarku, ina zaune a zaure na ji wata tsohuwa daga dangin Baushe tana gaya wa 'ya'yanku cewa kakansu ne ya raba 'ya da uwa. Ta ɗauka kunnena ya mutu. Idona ne ya yi rauni, kunnena kuwa har yanzu yana jin motsin ɓera a rumbu. Ban tanka mata ba, don ranar ba ta cacar baki ba ce, amma na ƙudura a raina sai na rubuta muku abin da ya faru, ku ji shi daga bakin wanda ya aikata. Abin da suka ce na yi, na yi shi. Na shiga gidan surukata ido na ganin ido, na ɗauko matata tana tsakiyar wankan jego, ba a sallame ta ba. Abin da ba su gaya muku ba shi ne dalili. Kuma ku sani, da za a mayar da ni wancan lokaci, da na fi haka saurin zuwa.

A zamanin da nake ba ku labari, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Kano ba, don mutanen da suka ga shigowarsu suna nan da ƙarfinsu, wasu ma ba su gama furfura ba. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, yana da makarantar allo a Garu, a gindin duwatsu, kuma ni ake sa ran zan gaje shi. Sai ciwon barci ya addabi ƙauyukan bakin rafi, Turawa suka ce suna son samari masu karatu da za a koya wa duba jini. Hakimi ya aiko wa Malam. Malam ba ya iya ce wa hakimi a'a, ya ce in je in dawo, allo ba zai gudu ba. Aka kai ni Kano aka koya mini leƙa madubin likita, na dawo ina bin wani likita Bature ƙauye-ƙauye. Mai Lofe muke ce masa, don lofensa ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki. Aikin kuwa shi ne a tara mutane a inuwar tsamiya, a laluba wuyansu, a soki yatsa, a shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, a zuba masa rini, sannan in sunkuya in leƙa. Mutane suka sa mini suna malamin jini. Wasu na cewa sayar wa Turawa muke yi su sha, ni kuwa ko a jikina, ina tafe da farar rigata ina jin babu ya ni a duk faɗin Dutse.

A cikin jinin ɗan Adam akwai halittu iri-iri, kuma duk wanda ya leƙa madubin nan bai ƙara tsoron Allah ba, to zuciyarsa ta bushe. Akwai wasu ƙwayoyi da in rini ya taɓa su sai cikinsu ya yi ja, tsaba-tsaba, kamar an cika su da jar dawa. Mu masu duba jini muka sa musu suna dogarai, saboda jar riga, kuma saboda ba ka ganinsu da yawa sai inda ɓarawo ya shiga. Ɓarawon kuwa shi ne tsutsar ciki. In na ga dogarai sun cika jinin mutum, sai in ce a kawo bayan gidansa, kuma kusan kullum sai na sami ƙwan tsutsa. Mai Lofe ya ce mana a jikin hanji suka fi zama, can suke tsaro, in tsutsa ta kama hanji su taru mata. Jikata da ke karatun likita ta ce mini a littattafansu isinofil ake ce musu, wai wani abu mai ƙuna suke zuba wa tsutsa daga cikin tsabar nan tasu, kuma wai har yau malamansu na gardama a kan ko ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa a ciwon hanji. Na ce ta gaishe mini da malaman nata, mu mun fara wannan gardama tun uwarta tana cikin zanen goyo.

Na auri Hajara daga Baushe, wani ƙauyen manoma a kan hanyar Kafin Hausa. Mahaifinta ya rasu, 'yan'uwanta duk sun mutu suna ƙanana, ita kaɗai ta rage wa mahaifiyarta, wadda ake kira Iya. Iya ungozoma ce, kuma ba ƙaramar ungozoma ba. Rabin mutanen Baushe ita ta yanke musu cibiya, dagaci kansa ba ya ɗaga mata murya. Da cikin fari ya tsufa aka mayar da Hajara gida kamar yadda ake yi, ta haihu a can, ta yi wanka a can. Ku na yanzu da ke haihuwa a asibiti ku dawo kuna shan shayi, ba ku san wankan jego ba. Safe da yamma ake tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa wa mai jego har fatarta ta yi ja. Ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ta sha kunun kanwa har ya gundure ta, ta ci nama da yaji mai sa hawaye. An ce haka ne ke fitar da sanyi da dattin haihuwa. Miji kuwa nasa shi ne ya aika da itace da gero da kanwa da ƙauri, sannan ya ɓace. Ba ya zuwa, ba ya tambaya, ba ya ko ambaton jaririn, balle ɗan fari. In ya hango surukarsa a hanya sai ya ratse cikin gona. Na aika da komai, na yi nesa, kamar kowane ɗan mutunci. Aka haifi babbar yayarku, wadda har yau bakina bai saba da sunanta ba.

Yayata Dije ce ta je dubo su bayan suna, da nata goyon a baya. Dije mace ce mai baki, tun tana ƙofar gida ake sanin ta iso. Ranar da ta dawo kuwa sai ta shigo shiru, ta kira ni bayan rumbu.

"Sa'idu, matarka ba lafiya. Saura kaɗan in kasa gane ta."

"Zazzaɓin jego ne?"

"Ina fa. Cikinta ne. Ba ta gama zama sai ta tashi makewayi, kuma ba komai take yi ba sai jini da majina. In ta fito sai ta dafa bango. Nonon ma ya fara ɗaukewa."

"Me Iya ta ce?"

"Ta ce dattin haihuwa ne bai gama fita ba, kuma akwai macijin ciki. Ta ƙara kanwa, tana dafa mata filasko."

Filasko ganye ne mai wanke ciki, lafiyayyen ƙato ma in ya sha sai ya yini a makewayi. Ban ce Iya muguwa ce ba, kuma kada in ji waninku ya faɗa. Abin da ta sani ta yi wa 'yarta, abin da ta yi wa matan Baushe da yawa suka tashi garau. Amma hankalina ya tashi. Allah da ikonsa, a makon nan aka tura mu duba jini a wata kasuwa kusa da Baushe. Na roƙi Dije ta koma ta sauka a gidan Iya, na miƙa mata ɗan gwangwani mai murfi, na gaya mata abin da nake so ta kawo mini a ciki.

"Kai, Sa'idu! Ni za ka aika ɗebo kashin matarka? Aikin Nasara ya taɓa maka kai ne?"

"Yaya, don Allah."

"In Iya ta gan ni, cewa za ta yi asiri zan yi wa 'yarta. Ka san da haka?"

"Na sani, Yaya."

Ta zage ni tas, ta zagi Mai Lofe da lofensa, sannan ta ƙulle gwangwanin a bakin zane ta tafi. Kowace safiya sai ga ta a rumfarmu, tana toshe hanci tana mita. Allah ya jiƙan Dije, ban taɓa iya biyanta ba.

Safiyar farko na sunkuya ina addu'a in ga ƙwan tsutsa, don tsutsa muna da maganinta. Babu. Na nemi ƙwayar atuni, wadda ake gani tana rarrafe a ƙarƙashin madubi, don ita ma akwai allurarta a akwatin likita. Babu. Sai na shafa majinar a gilashi na zuba rini, na leƙa. Dogarai ne ko'ina, jajur, sun cika wurin, wasu sun fashe tsabarsu ta watse. Ban taɓa ganin irin haka ba. Kashegari ma haka, ranar da ta biyo baya ma haka, dogarai ba adadi, ɓarawo ko ɗaya babu. Na kira Mai Lofe. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya cire lofen daga bakinsa ya ajiye a kan akwati. Hausarsa a karye take, amma ana ganewa.

"Na wane ne wannan?"

"Na iyalina ne, ranka ya daɗe."

"Ba tsutsa. Ba atunin da muka sani ba. Dogaranka sun fito kama ɓarawo, ba su sami ɓarawo ba, ina jin mai gida suke duka. Hanjinta ya yi gyambo daga ciki. A ƙasarmu ma akwai ciwon nan, ba mu san abin da ke kawo shi ba."

"Akwai magani?"

"Ba ni da shi. Ban san mai shi ba. Me take ci?"

Na lissafa masa kanwa da yaji da filasko da ruwan zafi. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ana zuba barkono a kan gyambo? A daina. Ta huta, ta ci abu mai laushi, wataƙila jikinta ya lafa da kansa. Wataƙila na ce. In ba a daina ba, ba za ta ga damina ba."

Da hanyar mutunci na fara. Na aiki Dije ta roƙi Iya a dakatar da kanwa da filasko. Dije kuwa da gardama ta yi zafi bakinta ya kufce, ta faɗi zancen gwangwani. Iya ta kore ta daga gidan, ta ce tun da take ba ta taɓa jin mijin da ya leƙa bayan gidan matarsa ba, kuma Baturen da bai taɓa naƙuda ba ba zai koya mata jego ba. Na nemi izini wurin Mai Lofe na kama hanyar Garu, amma labari ya riga ni isa. Na tarar da Malam bayan la'asar a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na ji abin da ka yi," in ji shi. "Na aike ka ka duba jinin mutane, ban aike ka ka tona asirin iyalinka a kasuwa ba."

"Allah ya gafarta Malam, mutuwa za ta yi."

"Kai ke riƙe da ranta?"

"A'a, Malam. Amma na ga abin da ke cinta da idona. So nake in ɗauko ta."

"Tana wanka? Ba a yi arba'in ba?" Ya ajiye tasbaharsa. "Shari'a ba ta hana ka ba. Matarka ce, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma mu a gidan nan mutunci muke ci. Wa zai ƙara kawo ɗansa karatu wurin mutumin da nasa ɗan ya kutsa gidan surukarsa? Ka yi haƙuri, ka bar wa Allah. In ka je, ba da yawuna ba, kuma kada ka kawo ta nan."

Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Malam ba. Ina son mutumin nan, ina jin tsoronsa, kuma na san ba ƙarya ya faɗa ba game da makarantarsa. Amma shi bai leƙa madubin ba, ni na leƙa. Na sa goshina kusa da ƙafarsa na ce ya yafe mini, na tashi. Na gode wa Allah da bai yi mini baki ba, don da ya yi, ban san yadda zan yi ba. Na ari jaki mai lafiyar tafiya, na shimfiɗa masa tsumma da yawa, na ce wa Dije ta shirya. Ta ce wallahi sai na ja an jefe mu a Baushe, tana faɗa tana gyara goyo.

Da hantsin kashegari muka isa Baushe. Na cire takalmana a zaure, na yi sallama. Ba wanda ya amsa, don namiji ba shi da abin yi a gidan mai jego. Na sake yi, sannan na ɗaga asabari na shiga. Matan da ke daka a tsakar gida suka saki taɓare, wata ta ruga ɗaki tana salati. Iya na tsaye a bakin tukunya da runhu a hannu, ruwa na tafasa. Na durƙusa, idona a ƙasa.

"Iya, ina kwana."

Ba ta dube ni ba. Ta juya wa matan.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe har ƙato ya shigo mana?"

"Iya, na zo tafiya da Hajara ne."

A nan ta juyo. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba sai ranar.

"Kai ka haifa mini ita? Na binne 'ya'ya har na gaji, ita kaɗai Allah ya bar mini. Kana nufin ni zan kashe ta?"

"Ba ki nufi haka ba, Iya. Amma kanwar nan da filasko, hanjinta ba zai..."

"Rufe mini baki! Da kanwar nan aka yi wa uwarka wanka, ga ka nan ka yi girman da za ka zo ka ci mutuncina."

Sai na ji motsi a ƙofar ɗaki. Hajara ce ta fito tana riƙe da dogaran ƙofa. Da Dije ta ce ta kusa kasa gane ta, na ɗauka irin ƙarin gishirinta ne. Yarinyar da na sani doguwa mai cikar jiki ta koma ƙashi da fata, leɓenta ya yi fari, idanunta sun faɗa. Na manta da kunya, na manta a gidan wa nake, hawaye suka zubo mini a gaban mata. Iya ta dube ta.

"Ga shi nan ya zo. In kin bi shi, kin zaɓa. Kada ki ƙara tako mini gida."

Hajara ta daɗe tana kallon uwarta. Muryarta da ƙyar take fita, amma kowa ya ji.

"Iya, ki yafe mini. In na ƙara shan kunun nan ba zan tashi ba, na ji a jikina. So nake in goya yarinyar nan." Sannan ta dube ni. "Maigida, kama ni, ba zan iya kaiwa zaure ba."

Na tashi na kama ta a gaban uwarta da matan Baushe duka. Masu cewa sato ta na yi, ku tambaye su wane ɓarawo ne kaya ke ce masa kama ni. Dije ta shiga ɗaki ta ɗauko jaririyar, ta fito da ɗaya a baya ɗaya a hannu. Iya ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta sa ƙafa ta ture tukunyar, ruwan ya kashe wutar, tururi ya cika tsakar gidan. Muka fita ta cikinsa.

Tafiyar da mai lafiya ke yi a yini, mu sai da muka kwana a hanya, don ba ma nisa sai an sauke ta. Garu an rufe mini ƙofa, don haka na wuce Takur. Takur ɗin da kuka sani yanzu da gidajen bene da motocin ma'aikata, a lokacin gonaki ne da itatuwan dabino da 'yan bukkoki. Wani manomi da na taɓa duba wa jini ya ba ni bukka ɗaya a bayan gidansa. Ana nan sai aka ce ayarin Mai Lofe zai wuce wata ƙasa mai nisa. Ko in bi su in bar ta, ko in zauna. Na ninke farar rigata na kai masa. Ya ce zai yi wuya ya sami mai ido irin nawa, na ce ni ma zai yi wuya in sami mata irin tawa, ya yi dariya har ya ƙware da hayaƙi. Na dawo ba aiki, ba makaranta, sai fartanyar aro.

Dije ta shayar da yayarku tare da nata ɗan. Shi ya sa da aka zo zancen haɗa su aure bayan shekaru aka ce ya haramta, nono ɗaya suka sha. Ni kuwa na zama mai dafa abinci. Kunun gero mai ruwa-ruwa da aka tace sosai, ba kanwa, ba yaji. Romon kaza da ɗan gishiri. Kindirmo daga rugar Fulani, kaɗan-kaɗan, in ya karɓe ta a ci gaba, in bai karɓe ta ba a bari. Ruwan wanka mai ɗumi, wanda hannu ke iya shiga. Maza su wuce su ga ɗan Malam yana hura wuta yana tace gasara, su ce malamin jini ya koma malamin murhu. Ina jin su. Ban taɓa jin kunyar abin ba, ko sau ɗaya, kuma har yau a cikinku mata babu wadda ta kai ni iya dama kunu.

Kada ku ɗauka tana barin Baushe ta warke. Makonnin farko ma kamar abin ƙaruwa yake yi. Akwai ranar da ta kasa ɗaga kai, Dije ta fito ta zauna kusa da ni ta ce, in ta mutu a hannunka, Sa'idu, ba ka da wurin zama a ƙasar nan. Na san haka. Na san za a ce na ɗauke ta daga hannun uwarta na kashe ta da maganar Nasara, kuma ba ni da abin da zan nuna wa kowa sai wasu jajayen ƙwayoyi da ba wanda ya gani sai ni da Bature. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har na fara tunanin ko in mayar da ita. Hajara ce ta hana. Ta ce cikin nata ya daina murɗawa kamar da, ita ke ji ba ni ba, in bar ta a inda take. Sannu a hankali jinin ya fara raguwa. Ta fara zama da kanta, ta fara cinye abin da ke cikin ƙwarya, wata rana har ta yi mini tsiya cewa kununa ya yi gudaji. Ruwan farko na damina ya sauka tana zaune a bakin ƙofa da yarinya a cinya. Ranar da na dawo daga gona na ji ƙarar turmi a bayan bukkarmu, na tsaya a bakin danga ban shiga ba, ina sauraro, ina hamdala.

Ciwon bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Yakan kwanta shekaru, ya tashi ya yi mata wata guda ko biyu, ya sake kwantawa. Shi ya sa kuka tashi kuka ga ana yi mata miyarta daban, ba yaji, ba kanwa, har wasunku na cewa Inna ta cika tsirfa. Ba tsirfa ba ce, da shi ta rayu ta haife ku duka. Malam ya ba ƙanena makaranta, kuma ya riƙe ta da kyau, ban taɓa yi masa hassada ba, ko da yake in na wuce na ji ana karatu sai in ƙara sauri. Da aka haifi na biyu, Malam ya zo Takur da kansa ya yi huɗuba, ya ci tuwo, ya tafi. Bai taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Daga baya na sami aiki a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar sarki, na koma ga madubina.

Iya kuwa ta riƙe maganarta. Duk abin da Hajara ta aika, goro ne, zane ne, dabino ne, sai ya dawo yadda ya tafi. Haihuwa bayan haihuwa ana aika mata, ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Ni na rasa makaranta da farar riga, amma ita Hajara uwa ta rasa, uwar tana raye, tafiyar yini tsakaninsu. In Salla ta zo Hajara takan shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ido jajur ta ce hayaƙi ne. Wannan ya fi komai ci mini rai a zamanmu. Na taɓa tambayarta ko tana jin haushina. Ta ce in daina tambayar banza, mai jin haushi sai mai rai.

Yayarku ta riga ta yi aure lokacin da aka zo mana da labarin Iya ta makance, kuma tana kwance ba a sa rai. Ba ta aiko a kira kowa ba. Hajara ta ɗaura mayafi ta ce za ta je, in an kore ta ta dawo. Na raka ta. Na tsaya a gindin wata kuka a wajen gari, ita ta shiga. Na yini a nan har inuwa ta juya. Can sai ga ta tafe, fuska duk hawaye, tana kuma dariya. Na ce mene ne, ta zauna a kan saiwar kukar ta ba ni labari. Ta ce da ta shiga ta yi sallama, Iya ta ce ta matso. Ta laluba fuskarta, ta laluba wuyanta, ta kama damtsenta ta matsa, ta sake matsawa.

"Wannan duk naki ne?"

"Nawa ne, Iya."

"'Ya'ya fa?"

Hajara ta faɗa mata sunayenku ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan wadda aka sa wa sunanta. Iya ta sake tambaya, hannunta na kan damtsen.

"Yana waje?"

"Yana waje, Iya."

"Kada ya shigo. Amma ki ce masa ya iya kiwo."

Wannan ne kaɗai saƙon da surukata ta taɓa aiko mini, kuma na karɓe shi da hannu biyu. Turawa sun yaba mini, hakimai sun yaba mini, ban ji ko ɗaya ya kai mini har zuci kamar wannan ba. Na ce wa Hajara ta koma ta kwana da uwarta, ni zan nemi masauki. Ta zauna da ita har Allah ya karɓi abinsa, kanta na kan cinyar 'yarta. Bayan an share makoki muka kama hanyar Takur da ƙafa, ita a gaba ni a baya, don a shekarun nan ta fi ni sauri.